Gefen Littattafan Yaya

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Kwana takwas ke nan da Yaya ta faɗi a gaban ɗalibanta, alli a hannu. Ba zan rubuta sunan abin ba. Likita ya faɗe shi da Turanci, ya sake faɗa da Hausa a hankali kamar mai magana da kurma. Na ce masa na ji tun na farko. Umma ta taka mini ƙafa.

Gado goma sha biyu ne a ɗakin, amma sai na bakin taga suka ba ta. Na ce wa nas a sauya mata. Ta ce, "Kai ka gina asibitin?" Na ce da ni na gina, da ban ɗauke ki aiki ba. Yanzu in ta hango ni sai ta juya mini ƙeya.

Hannun dama ba ya motsi. Magana ba ta fita. Ido kuwa yana nan yadda na san shi, duk inda na yi yana bi na. Ni na fi duban robar ƙarin ruwa.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe ɗaya, a shago

Umma ta aike ni ɗakin Yaya in ɗauko zanen gado, sai na fito da littattafai bakwai. Su ne waɗanda take kundin digirinta a kansu, shekara shida cur: yadda matan Larabawa marubuta na wannan zamani ke zana mace a littattafan labari. Saura babi ɗaya ta gama.

Kunya ta kama ni da na ɗaga su. Biyu ba bango, ɗaya an ɗaure shi da robar gashi, ɗaya ya sha shayi har ya kumbura. Shekara huɗu ina ɗinkin littattafai, amma a gidanmu littafi ke yawo tsirara. Sau nawa ta ce, "Barkono, ɗinke mini wannan," na ce gobe?

To, goben ta zo. Na kawo su shago.

Maigida ya juya su, ya ce, "Wannan ai ba karatu aka yi musu ba, kokawa aka yi da su." Kowane shafi, gefensa cike da rubutun fensir, ƙanana kamar ƙwayar gero, Larabci da Hausa a cakuɗe. In gefe ya ƙare mata sai ta juya littafin ta hau sama da rubutun, har bakin takarda. Na ce masa waɗannan ba za su ga injin yanka ba. Ya ce, "Littafin da ba a yanke bakinsa ba kamar mutumin da bai yi aski ba ne." Na ce to waɗannan da sumarsu za su zauna.

Juma'a, 6 ga wata, bayan la'asar

Ina warware zare ina karantawa. Larabcina na tsintuwa ne, ba malami ba aji, da ƙamus ɗin Yaya na haɗa shi tun da na bar makaranta. Duk bakwai ɗin na karanta su a baya, don in sami abin musu da ita.

Mai koren bango: ungozoma ce a birnin da ake ruwan bama-bamai, kowa na ƙirga gawa, ita tana ƙirga haihuwa a jikin bangon ɗaki da gawayi. Wannan ba ni da ta cewa. Amma mai bangon toka, shafi ɗari uku mace na zaune gaban keken ɗinkin mahaifiyarta da ta rasu, tana yi wa keke magana. Na taɓa ce wa Yaya, in marubuciyar na son ta ce an danne mata, ta faɗa a layi ɗaya mu wuce. Ta ce, "Kai matsalarka, duk littafin da ka buɗe kanka kake nema a ciki. In ba ka gan ka ba sai ka ce babu kowa a gidan."

Maza kuwa a littattafan nan, ko yana kurkuku, ko ya tafi ci-rani, ko yana zaune bayan jarida kamar katanga. Haka na ce mata. Ta ce, "Shekara nawa muka yi a littattafanku muna miƙo ruwa mu fita? Ka daure, ka zama katanga na shafi ɗari biyu."

Ranar Litinin ɗin nan ma, ana gobe za ta faɗi, musun da muke kai ke nan.

Na bar maganar Litinin.

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Malamar da ke duba aikin Yaya ta zo asibiti. Ƙaramar mace, tabarau a rataye a wuya. Ta riƙe hannun hagun Yaya ta daɗe, sannan ta ja ni baranda.

Ta ce ranar talatin ga wata wa'adin Yaya ke cika, kuma an riga an ƙara mata sau biyu, doka ba ta ba da na uku ba. In babin ƙarshe bai shiga ba, shekara shida sun tafi. Amma Yaya ta gaya mata babin ya riga ya rubutu, yana gefen littattafan nan bakwai, kowace magana da lambarta. Sai dai a sami mai iya karanta hannunta ya kwafe bi da bi, ita Malama ta tsara ta kai.

Na ce ni ne. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, "Kai ne Barkono?" Na ce wa ya gaya miki. Ta ce, "Kana cikin hirarmu fiye da yadda kake zato."

Na ce littattafan na cikin matsi, gam bai bushe ba, ranar Talata zan fitar da su kamar sababbi. Har da bugun ƙirji. Da na koma ciki na gaya wa Yaya, idonta ya ciko. Karo na farko ke nan da na tsaya na dube shi.

Litinin, 9 ga wata, da safe

An gwada ba ta abinci da cokali. Ya zube.

Talata, 10 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya

Likita ya ce kada mu sa rai da magana nan kusa. "Nan kusa" nawa ne? Ya ce Allah ne masani. Na ce to kai me aka ajiye ka ka sani?

Sai ga Kawu da ledar lemo. A kan gadonta, tana ji, ya ce wa Umma ai shi tuntuni ya faɗa, karatu in ya yi wa mace yawa kai yake taɓawa. Na ce, "Kawu, kai da karatu bai taɓa ba, me ya taɓa naka?" Umma ta ce in fita. Na fita. Zan tafi shago in yi aiki.

Talata, ƙarfe huɗu

Na yi aiki.

Laraba, 11 ga wata

Ban je asibiti ba.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe shida na safe

Bari in rubuta shi, tunda takarda ba ta da ido.

Rajistar makaranta arba'in ke jiran yanka ranar Talata. Na tsaya gaban inji ina sakawa, ina matsewa, ina jan hannu, a raina ina ta ba Kawu amsoshin da ban samu na ba shi ba. Sama, ƙasa, gefe. Sama, ƙasa, gefe. Maigida ya riga ya fitar da na Yaya daga matsi ya ajiye su a ƙarshen layin, don a nan ake ajiye duk abin da ya bushe. Hannuna bai tambaye ni ba. Sai da na ɗaga na bakwai, na shafa bakinsa na ji shi sumul, sannan na ga koren bango a ƙasan tarin.

Duka bakwai. Faɗin ɗan yatsa ƙarami daga kowane gefe.

Inda ta rubuta a kwance, kalmar ƙarshe ta kowane layi ta tafi. Inda ta juya ta hau sama, layin gaba ɗaya ya tafi.

Ba wanda zan zaga. Na duba ko'ina, ba kowa. Garin neman gira na rasa ido, kuma idon ba nawa ba ne.

Alhamis, bayan azahar

Maigida bai ce "na gaya maka" ba, don bai gaya mini ba. Ya cire hula ya sosa kai, ya ce, "Buhun yankan bai tafi ba, sai Asabar mai kaji ke zuwa ɗauka." Muka zazzage shi a tsakar shago. Yankan sati guda: rajista, rasit, katin biki, kalanda, duk sirara kamar taliya. Cikinsu na Yaya.

Sa'armu ɗaya: wuƙar inji in ta sauka takan manne yankan wuri guda, shafi bisa shafi. Mun sami dunƙule huɗu ba su watse ba. Sauran sun bi cikin tarin.

Ya rufe shago da rana tsaka, abin da bai yi ba ko ranar da aka yi masa jika. Ya durƙusa da gwiwarsa mai ciwo yana tsince duk mai alamar fensir. Ya ce, "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka." Na ce kada ya ƙara yi mini maganar hannu ɗaya. Ya ci gaba da tsinta. Daga baya na kawo masa shayi.

Asabar, 14 ga wata, ƙarfe biyar

Na je. Umma ta ce, "Kwana uku, ɗan albarka? Ƙofa take kallo tun safe." Na ce aiki ne. Yaya ta ɗaga hannun hagu ta yi alamar buɗe littafi. Na ce gam bai gama bushewa ba.

Gam ɗin da ke bushewa a yini guda. Ta sani. Ba ƙanwar mai ɗinki ba ce ita, yayarsa ce.

Ta mayar da fuska taga.

Talata, 17 ga wata, lokacin cin abinci

Yadda ake yi: ka ɗauki siririn yanki, ka duba rabin harafin da ke bakinsa, ka bi shafuka kana neman ɗaya rabin. In sun haɗu, ka shafa gam kaɗan a takarda mai shara-shara ka ɗinke su ta baya. Yini guda, shafi talatin in ido bai gaji ba.

Dole na karanta abin da ban taɓa tsayawa na karanta ba. Ni a da labarin nake bi, gefen na ɗauka ƙazanta ce.

A ƙaramin ja, wanda mijin ke kurkuku matar ta riƙe kantin maganinsa shekara tara, ya dawo ta kasa miƙa masa makulli, Yaya ta rubuta: "Ba ƙin mijin take ba. Marubuciyar ta hana mu sauƙin cewa mugu ne. Matar ta ɗanɗani jin nauyin makulli a aljihu, shi ke nan." A mai bangon toka kuma: "Mata a littattafan nan ba shiru suke ba. Suna magana da keke, da tukunya, da gawa, da jariri, da duk abin da ba zai katse su ba."

Da duk abin da ba zai katse su ba. Na ajiye gam na fita waje na tsaya.

Laraba, 18 ga wata, ƙarfe uku

Ina cikin rubutunta. Lamba ta sittin da biyu: "Barkono ya ce mazan nan katanga ne. A wannan littafin yana da gaskiya, marubuciyar ta yi ragwanci. Kada ya ji, kansa zai ƙara girma."

Na yi dariya har Maigida ya leƙo. Daga nan dariyar ta juye kuka, ya koma ya ja mini ƙofa.

Juma'a, 20 ga wata, da safe

Abin da na ce ranar Litinin, tana wanke kofi, ni ina tsaye a ƙofar kicin: "Shekara shida kina bauta wa matan da ba su san kina duniya ba. Ke ma kin zama irinsu, daga taga sai shiru."

Ba ta amsa ba. Yaya da ba ta barin magana ta kwana. Ta ce kanta na ciwo, za ta ba ni amsa gobe.

Likita ya ce abin ya daɗe yana taruwa, ba magana ce ke kawo shi ba. Ban tambaye shi ba, shi ya faɗa wa Umma. Ni dai na san gadon da suka ba ta, na bakin taga.

Litinin, 23 ga wata

Saura kwana bakwai. Idona kamar an zuba yashi.

Laraba, 25 ga wata, bayan la'asar

Shida sun haɗu, ban da 'yan wurare. Na bakwai ne ya ƙi. Yankansa ya watse, wasu na ga sun manne a ƙasan takalmin mai kawo takarda, wasu iskar fanka ta kai kwata. A nan kuma ta rufe babin. Na ƙirga: gurbi arba'in da ɗaya, wani kalma guda, wani layi sukutum.

Jimlarta ta ƙarshe ga yadda ta tsaya: "Abin da waɗannan marubuta suka ƙwato wa mace ba murya ba ce, don da ma tana da ita, sai dai" Daga nan wuƙa.

Sai dai me, Yaya?

Na kira Malama na gaya mata rabin gaskiya, na ce wasu wurare sun goge. Ta ce kwamiti ba ya karɓar babi mai ramuka.

Na san hannun Yaya, na san yadda take gina magana, na fi kowa sanin inda za ta dosa tunda ni take jifa da ita. Zan cike. Wa zai gane?

Na san labarin da ke cikin na bakwai ɗin. Mai rubuta wa mata wasiƙa a ƙofar gidan waya, mace ta faɗa masa zafinta, shi ya rubuta abin da ya ga ya dace. Na sani. Kada kowa ya tuna mini.

Juma'a, 27 ga wata, ƙarfe biyu

Na cike duka. Ya yi kyau. Wallahi ya yi kyau, ko Malama ba za ta ga ɗinkin ba.

Asabar, 28 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Umma ce ta ja. Ta ce ba za a kai aikin yarinya ba sai ta ji shi da kunnenta. Na zauna gefen gado da takardu ashirin da biyu na fara karantawa. Yaya ta rufe ido. Shafi na ɗaya, na biyu, har na sha huɗu, tana ɗan gyaɗa kai, gefen bakinta mai motsi yana ɗagawa.

Na shigo wurin da na fara cikewa. Kalma ɗaya ce tak. Ta buɗe ido. Ta ƙwanƙwasa ƙarfen gado da zoben hannun hagu.

Na ce tari ne ya sarƙe ni, na ci gaba. Layi huɗu, wani gurbin. Ƙwas. Na gaba. Ƙwas. Ba ta kuskure ko ɗaya ba, kuma ba ta buga a kan nata ba ko sau ɗaya. Matar gadon kusa ta ce, "Baiwar Allah na kiran nas ne?" Umma ta ce, "A'a, ƙaninta take kira."

Da na kai jimlar ƙarshe na karanta abin da na sa, ba ta buga ba. Ta dube ni kawai.

Na faɗa. Inji, Kawu, buhu, kwata, duka. Na fito da koren daga jaka na nuna mata bakinsa, sumul a da, yanzu duk faci. Ta shafa shi da babban yatsa, ta daɗe tana shafawa. Na ce, da maganar Litinin ma. Ban iya ƙarasa wannan ba.

Umma ta ce, "Kai dai bakinka da hannunka ba wanda ke jiran wani."

Yaya ta miƙo hannu. Na ɗauka nawa take nema, na miƙa. Ta ture shi. Fensirin da ke bayan kunnena take so.

Na riƙe mata takarda a kan tire. Ta ja layi a kan kalmata ta farko, karkatacce, har takarda ta huje. Ta nemi ta biyu. Sai da ta soke arba'in da ɗaya, gumi na zuba, nas na cewa lokacin ziyara ya wuce, ni ina ce mata ta kira wanda ya gina asibitin.

Lahadi, 29 ga wata

Na ce mata in an kai da ramuka ba za su karɓa ba. Na faɗa sau uku. Na ce shekara shida, Yaya. Ta rufe ido.

Litinin, 30 ga wata, ƙarfe huɗu

Na kai wa Malama kamar yadda yake, kowane gurbi na bar shi fari. Na gaya mata sauran gaskiyar. Ta cire tabarau ta goge, ta ce za ta shigar, za ta kuma rubuta musu takarda, amma kada in yaudari kaina, ta san mutanenta. Na buɗe baki in faɗi abin da nake gani game da mutanenta, sai na rufe. Ta ce, "Ashe kana iyawa."

Alhamis, 2 ga sabon wata, ƙarfe goma sha biyu

Ba su karɓa ba. Layi biyu suka rubuto.

Ni na gaya mata, ban bar wa Umma ba. Ta dubi taga ta daɗe. Na tsaya, ban cike shirun da komai ba.

Can ta yi alamar takarda. Na ce an rufe, Yaya, ba inda za a kai. Ta ƙwanƙwasa ƙarfe. Na ɗauko kwafin da ke jakata, na buɗe mata gurbi na farko.

Minti arba'in ta yi a kan kalma ɗaya. Haruffan kamar na ɗan aji ɗaya, suna gangarowa ƙasa. Na karanta. Ba ita na sa ba, ko kusa. Tata ta fi.

Na juya zuwa shafin ƙarshe na nuna mata "sai dai", na ce ko wannan kaɗai, don Allah, in sani. Ta mayar da takardun baya da yatsa ɗaya, shafi bayan shafi, har gurbi na biyu. Ta ajiye fensir, ta rufe ido.

Saura arba'in. Bakin fensirin ya karye, gobe in zo da abin fiƙe.